Shafi Huɗu a Kan Albasa Ɗaya

Wajen ƙarshen shekarun dubu biyu, lokacin ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kolej a Birnin Ƙonni, aka buɗe wani shagon intanet kusa da tasha, wanda kowa ke kira siber. Ordinater, wato kwamfuta, shida ne a ciki, huɗu ke aiki, wutar da ke tafiyar da su kuwa daga Najeriya take zuwa, in ta ga dama. A can na fara cin karo da wani kundin sani na intanet wanda ba shi da marubuci guda. Kowa na iya buɗe shafi ya rubuta abin da ya sani, kowa kuma na iya zuwa ya gyara. Ɓangaren Faransanci ya cika ya batse. Da na leƙa ɓangaren Hausa, sai na iske shi kamar ajina ranar kasuwa. Na nemi Malbaza, babu. Na nemi Illela, babu. Na nemi gero, na samu layi biyu.

Na yi ƴan watanni ina rubutu ni kaɗai, waɗansu mutane da ban taɓa gani ba suna bin bayana suna gyarawa, har na fahimci ƙa'idojin wurin. Daga nan cutar malamai ta motsa mini, wato in mutum ya san abu sai ya nemi wanda zai zaunar. Na yi shela cewa kowace Asabar, daga ƙarfe goma zuwa azahar, mai son koyon rubutu a kundin nan ya same ni a siber. Asabar ta farko mutane sun zo da yawa, don an ɗauka wata ƙungiya ce za ta raba wani abu. Da aka gane ba abin rabo, mutum uku suka rage.

Na farko wani Alhaji ne mai manyan motoci da ke ɗaukar siminti daga Malbaza. Kakanninsa daga Sakkwato suka zo, kuma ba ya bari a manta. Ta biyu malamar gona ce da ke aiki a Dogarawa, tana zuwa a kan moto, wato babur, littattafan aikinta a ɗaure a baya da roba. Na uku shi ne Mushe.

Mu nan duk malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa, aron Faransanci, amma a bakina in na ce Mushe ba ƙari, mutum ɗaya nake nufi. Shi ya koya mini karatu a firamare a Illela. Ya aje aiki ya dawo Ƙonni wajen babban ɗansa, amma jan bik, wato jan biro, bai bar aljihunsa na gaba ba. Da wannan jan bik ɗin ya bi kayen dubban yara, wato littattafansu na rubutu, nawa a ciki. Yakan zagaye kuskure, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, a gefen shafi kuma ya sa wata gajeruwar kalma ta Faransanci mai nufin an gani. Ina da shekara arba'in da ɗoriya a lokacin, ina da furfura a gemu, amma in ya shigo siber sai in ga na miƙe tsaye ban shawarci ƙafafuna ba.

Na rubuta ƙa'idojin a takarda na karanta masu. Ba a yin sallama a kan shafi, ba a rufewa da addu'a, ba a sa hannu. Ba a cewa "ni". Ba a yi wa gari ko mutum kirari. Abin da ka rubuta, ka nuna inda ka samo shi, a littafi ko takarda da wani zai iya dubawa.

"Tsaya, Malam," in ji Alhaji. "Ka shiga gidan mutane ba sallama, ka hita ba ban kwana, kuma kada ka hwaɗi sunanka? Ai wanga siffar ɓarawo ce kake ba mu."

Na ce masa shafin ba gidan kowa ba ne, kamar allon bakin hanya ne.

"To allon ma ai wani yak kafa shi. Kuma batun inda na samo, shekara ashirin da biyar ina bin hanyar Malbaza. Wane littafi ya fi ni sanin ramukanta?"

Shafinsa na farko ya soma da cewa Malbaza gari ne da babu kamarsa daga nan har bakin teku. Mun yi rabin sa'a kafin ya yarda a bar shi a matsayin gari mai masana'antar siminti. Ya ce an yi wa garin tsirara.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce uwar sauran: shafin da ka rubuta ba naka ba ne, duk wanda ya ga kuskure ya gyara, ko wane ne ya rubuta. Wannan na karanta ta da sauri, idona a kan takarda, domin Mushe na zaune a gabana ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

Shi bai yi gardama a kan komai ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya yi abin da ya ga dama. Mahaifinsa manomin rani ne a kwarin Badaguishiri, saboda haka ya zaɓi ya rubuta noman albasa a wannan kwari. Asabar uku ya yi yana bugawa da yatsa ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci. Ya buɗe da sunan Allah da gaisuwa ga masu karatu manya da ƙanana. Ya rufe da addu'a ga mahaifinsa. A tsakani kuwa akwai rubutun da ban taɓa karanta irinsa a kan albasa ba, ko da Faransanci: yadda ake gina rijiya marar zurfi a fadama, yadda ake tsaga fangali, yadda ake renon iri kafin dashe, da yadda ake gina rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa a ciki iska na ratsa ta. Hausarsa tsaf, ba kalmar da ta zauna a wurin wata. Sai dai a cikin wannan duka akwai layi ɗaya da ya ce ana ci gaba da ban ruwa har ranar da za a cire albasa.

Ranar da ya gama, malamar gona ta yafuto ni waje, wurin motonta.

"Malam, ka ga layin ban ruwan nan? In mutum ya bi shi, albasarsa ba ta wata biyu cikin rudu. Ruɓewa za ta yi. Ana yanke ruwa tun da ganye ya fara kwanciya."

Na ce, "Madalla. Kin ji ƙa'ida. Shiga ki gyara."

"Ni? Shi fa ya koyar da kawuna. Kai ne ɗalibinsa, kai ka gyara."

Na ce zan nemi lokacin da ya dace. Ta dube ni irin kallon da take yi wa manomin da ya ce gobe zai zo taro, ta tayar da moto.

Asabar da ta biyo ba ta taɓa shafin Mushe ba. Ta buɗe sabo, ta sa masa suna albasar rani a jihar Tawa, ta rubuta daidai, ta kafa hujja da wani ɗan littafin horar da manoma da ke cikin kayanta. Bayan mako biyu Alhaji ya lura Mushe ya ce da jakai da raƙuma ake kai albasa kasuwa. Wannan ya taɓa shi a sana'a. Shi ma bai taɓa shafin ba, ya buɗe nasa a kan albasa da safararta. Ni kuma, mai takardar ƙa'idoji, na zauna wata Laraba da yamma da ba aji, na kwashe abin da ke da kyau a shafin Mushe, na cire gaisuwa da addu'a da layin ban ruwa, na zuba a shafi na huɗu.

Babu wanda ya shawarci wani a cikinmu, kuma babu wanda ya ji ya yi laifi. Abin da muka tashi da shi ke nan. In dattijo ya faɗi abin da ba haka yake ba a zaure, ba ka cewa a'a. Sai ka bari maganar ta huce, sannan ka ce akwai kuma wata magana da na taɓa ji, ka aje taka kusa da tasa, masu hankali su zaɓa. Wannan ladabin muka ɗauka cak muka shiga da shi intanet. A zaure maganganun kan tashi da masu su. A kundin nan kuwa sai suka zauna, huɗu reras, kowace da sunanta.

Haka aka yi wata uku. Wata Laraba na buɗe shafin Mushe na iske an liƙa masa sanarwa a sama, cikin akwati. Wani daga cikin masu kula da kundin ne, wanda ban san ko daga wace ƙasa yake rubutu ba. Ya ce akwai shafi huɗu a kan abu ɗaya. Ya ce wannan na farkon yana da gaisuwa da "ni" da addu'a, ba shi da madogara, kuma ya saɓa wa wani da ke da ita. In ba a gyara shi an haɗe su cikin kwana bakwai ba, za a bar na malamar gona a share sauran.

Nawa da na Alhaji ba su dame ni ba. Amma na san abin da shafin nan yake a wurin Mushe. Ya sa an buga masa shi a takarda, ya kai Badaguishiri ya karanta wa ƙannensa. A shafin tattaunawa, inda masu rubutu ke magana da juna, na rubuta wa mutumin doguwar wasiƙa. Na ce mai shafin dattijo ne, ya haura saba'in, malamin malamai ne, a yi masa uzuri. Kafin lokacin da na biya a siber ya ƙare amsa ta zo.

"Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Amma mai karatu ba ya ganin furfurarsa, layin ban ruwa yake gani. Ku gyara, shafin ya tsaya."

Na ji haushin amsar ƙwarai, musamman da yake ita ce ni ma zan ba wani.

Ranar Juma'a bayan masallaci na bi ta ƙofar gidan su Mushe da niyyar in faɗa masa. Na iske shi a kan tabarma, muka gaisa, ya tambayi yara da iyali, na tambayi ƙafarsa, muka yi maganar zafi, na tashi. Ranar Asabar na riga kowa zuwa, na shirya in zaunar da shi a gaban ɗaya daga cikin ordinater biyun da ba sa aiki, in ce yau intanet ba ta da ƙarfi. Ban san abin da nake fatan ya faru ba bayan nan. Ya shigo, ya wuce kujerar da na ja masa, ya zauna a wurinsa na kullum.

Ya karanta sanarwar sau biyu, leɓensa na motsi. A cikinta akwai sunayen sauran shafuka uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni da kaina na koya masa inda ake latsawa a ga tarihin shafi, wato wanda ya buɗe shi da wanda ya taɓa shi da ranar. Ban taɓa nadamar darasi kamar wannan ba. Sunayen da muka zaɓa wa kanmu a kundin ba su ɓoye kowa ba. Na Alhaji ma har da siminti a ciki.

"Alhaji," in ji shi, bai juyo ba. "Wanga naka ne?"

"Mushe, ai ni rakiya na yi maka. Ƙarin bayani ne kawai."

"Rakiya. Ka bar ni bisa jaki kai kana cikin mota, shi ne rakiya?"

Alhaji ya shiga gyaran hula.

"Ɗiyata, zo nan. Karanta min abin da kinka rubuta kan ruwa. Da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Ta karanta a tsaye: in wuyan albasa ya yi laushi, ganye ya fara kwanciya, sai a yanke ruwa, a bar ta kamar mako biyu kafin a cire, don ta bushe ta jure ajiya.

Mushe ya saurara har ƙarshe. Sannan ya cire tabarau.

"Gaskiyarta," ya ce. "Ina shekara bakwai anka ɗauke ni anka kai lakwal. Hutun sanyi in zo gida in iske ana dashe, ana ban ruwa safe da marece. In koma. Babban hutu in dawo in iske albasa cikin rudu. Abin da ke tsakani ban taɓa gani da idona ba, ko sau ɗaya. Daga ɗalibi na zama malami, hutun bai sake ba. Da na zo wurin a rubutu sai na cike da abin da nike zato."

Na fara cewa ai kuskure ne ƙarami, kowa na iya yi. Ya ɗaga hannu. Ya mayar da tabarau, ya duba ranar da ke kan tarihin shafina, ya ƙirga da yatsu.

"Wata uku. Wata uku ina tsaye tsakar kasuwar duniya da riga a birkice, ku kuna wucewa kuna ce min ina kwana. Kai." Sai a lokacin ya dube ni. "Sa'ad da kake aji uku, ka taɓa yin kuskure in buɗe maka sabon kaye in rubuta daidai a ciki in ɓoye, don kada ranka ya ɓaci?"

"A'a, Mushe."

"Mi nike yi?"

"Jan bik, Mushe."

"Kayen da ba ja cikinsa, ba a karanta shi ba ne. Ni na ɗauka kun karanta kun iske daidai. Ina takardar dokokinka? Karanta ta ƙarshe. Ranar nan ka haɗiye ta, na ji ka."

Na karanta a tsaye, a gaban mutanen da suka zo aika saƙo suka samu kallo. Ya sa na maimaita a hankali. Daga nan ya tashi daga kujerarsa ya ce malamar gona ta zauna a kai. Ta goge hannu a zanenta, ta share layinsa kalma kalma kamar mai cire ƙaya, ta rubuta nata, ta sa sunan ɗan littafinta. Tana shirin latsa inda ake ajiyewa, wuta ta ɗauke.

Muka zauna a cikin zafi kusan minti arba'in, har Alhaji ya ce ko wutar ma ta ji kunyar Mushe. Ba wanda ya yi dariya sai Mushe, kaɗan, ta hanci. Da wuta ta dawo, layin na nan yadda yake, dole ta sake. Karo na biyu ba ta goge hannu ba. Cikin minti ɗaya ta gama, har ta ƙara gyara masa wani abu a kan tazarar dashe wanda da farko ba ta ambata ba.

Alhaji ya shigar da motocinsa, aka bar jakai da raƙuma a matsayin yadda ake yi a da. Kalmar "ni" Mushe ya bi ya cire da kansa, da yatsa ɗaya. Gaisuwa ma ya cire ba gardama. Inda muka tsaya shi ne sakin layi na ƙarshe. A ciki ya faɗi yadda mahaifinsa ke gane inda ruwa yake kusa kafin a gina rijiya, ta wata ciyawa da ke zama kore bayan sauran sun bushe, sannan addu'ar ta biyo. Malamar gona ta juya littattafanta duka, babu wannan a ciki.

"Na gani da idona," in ji Mushe. "Wanga kam cikin hutu ake yin shi."

Na ce na yarda, kowa a nan ya yarda, amma ƙa'ida na son abin da baƙo zai iya dubawa. Wannan karon ban haɗiye maganar ba, ko da yake ba ta fito da daɗi ba. Na ce masa kowane mai rubutu na da shafin kansa a kundin, inda yake iya yin sallama, ya ce "ni", ya faɗi ɗan wane ne shi.

"Wato a hidda tsohona daga fili a kai shi ɗaki."

"Haka ne, Mushe."

Ya sake karanta sakin layin. Sannan ya ce in nuna masa yadda ake ɗauke rubutu daga wuri a kai wani wuri ba tare da an sake bugawa ba. Na nuna masa. Shi ya ɗauke, shi ya kai.

Kafin kwana bakwai su cika an cire sanarwar. Da yake shafinsa ne mafi daɗewa, shi aka bari, namu uku aka karkatar da su zuwa gare shi. Wanda ya buɗe tarihin shafin zai ga sunansa a layin farko. Waccan Asabar ɗin dai bai yarda na kai shi gida a kan moto ba kamar kullum. Motar Alhaji ya shiga.

Larabar da ta biyo na buɗe wani shafi da na rubuta tun da farko a kan tarihin Ƙonni, wanda nake alfahari da shi a ɓoye. Na iske an bi shi daga sama har ƙasa, gyara tara. A ɗan gurbin da mai gyara ke faɗin abin da ya yi, an rubuta: "An gani. A ƙara kula." Takwas daga ciki gaskiyarsa ne, har na ji kunnena ya yi zafi kamar a Illela. Na tara kuwa kuskure ne, ya sauya jerin sarakuna biyu, ya sa na baya a gaba. Littafin na kan teburina a gida, na duba sau uku.

Ban taɓa shi ba ranar. Alhamis na zo siber na buɗe na rufe. Sai Juma'a da safe, kafin aji na farko, na mayar da shi yadda yake, na sa sunan littafin da lambar shafi.

Ranar Asabar ya shigo, na miƙe, ya zauna, ya buɗe tarihin shafin ya ƙirga da yatsu.

"Kwana biyu," ya ce. "Ya fi wata uku."

Har ya rasu ban tambaye shi ko da gangan ya sa kuskuren ba. Da azahar ta yi, ya miƙo mini sandarsa na riƙe, ya hau bayan moto.